Batirin litiyom a motar da ake kwana a cikinta: ribarsa da sharuɗɗansa

Duk wanda ya taɓa kwana a cikin mota a Argungu lokacin bikin kamun kifi saboda masaukai sun cika, ko ya kwana a Kamba yana jiran gari ya waye ya ci gaba da tafiya, ya san cewa wahalar mota takan fara ne bayan an kashe inji. Muddin inji yana aiki akwai haske, akwai iska, waya tana shan caji. Da an murɗa makulli sai nauyin komai ya koma kan batir, shi kuwa batirin da mota ta zo da shi ba a ƙera shi domin ya raya dare ba. Aikinsa shi ne ya ba da wuta mai ƙarfi ta 'yan daƙiƙu ya tayar da inji, daga nan inji ya mayar masa da abin da ya kashe. Wanda ya ɗora masa fanka da ƙwayayen lantarki da rediyo har asuba, da safe sai ya nemi masu turi.

A Amurka da Turai da Ostireliya akwai motocin da aka ƙera musamman domin irin wannan zama, wato mota mai ɗaki, da gado da firji da murhu da famfo, wadda iyali ke ɗauka su tafi yawon shaƙatawa na kwanaki ko makonni a wuraren da babu wayar lantarki. Amurkawa suna taƙaita sunanta da RV, kuma mafi yawan nasu ana ƙera su ne a yankin Elkhart na jihar Indiyana. Irin wannan mota tana ɗauke da batura iri biyu: na tayar da inji, da na ɗaki, wanda shi ne ke riƙe firji da fitilu da fanka. A kan batirin ɗakin ne muhawara take, kuma a 'yan shekarun nan masu waɗannan motoci da yawa sun bar batirin dalma da aka saba da shi sun koma na litiyom.

Mai karatu zai iya cewa ina ruwan mutumin Kebbi da motar shaƙatawar Turawa. Gaskiya ne ba mu da wannan al'ada sosai, amma buƙatar da ta haifar da ita tana nan a cikinmu, har ta fi tasu tsanani domin tamu ta neman abinci ce da ceton rai. Akwai motar asibitin tafi-da-gidanka da ke ɗaukar allurar rigakafi zuwa ƙauyukan Bagudo, allurar da galibi dole ta zauna tsakanin digiri 2 da 8. Akwai fataken kifi daga Yawuri da ke son kayansu su isa kasuwa ba su lalace ba, da motar wa'azi mai lasifika da ke yini uku a hanya, da direban babbar mota da ya mayar da bayan kujerarsa ɗakin kwana. Ra'ayina shi ne batirin litiyom ya fi dacewa da duk waɗannan, kuma fifikon ba ƙarami ba ne, sai dai yana da sharuɗɗan da mai sayarwa ba kasafai yake faɗa ba, musamman a ƙasa mai zafi irin tamu.

Batirin dalma tsohon hannu ne. Wani Bafaranshe mai suna Gaston Planté ne ya ƙirƙiro shi a 1859, kuma har yau tushen aikinsa bai canja ba: faranta na dalma a cikin ruwan asid. Na litiyom kuwa kamfanin Sony ne ya fara fitar da shi kasuwa a 1991, kuma a 2019 aka ba John Goodenough da Stanley Whittingham da Akira Yoshino lambar yabo ta Nobel saboda aikin da suka yi a kansa. Abin da ya kamata mai saye ya riƙe shi ne litiyom ba iri ɗaya ba ne. Wanda ke cikin waya da kwamfutar hannu daban, wanda ake sa wa motoci masu ɗaki daban. Na biyun haɗi ne na litiyom da baƙin ƙarfe da sinadarin fosfet, ana rubuta LiFePO4 ko LFP a jikinsa, kuma daga ɗakin binciken Goodenough ɗin nan a Jami'ar Tekzas ya fito a wajajen 1996 zuwa 1997. Ya fi 'yan uwansa nauyi kaɗan, amma ya fi su haƙuri da zafi, domin sinadarinsa yana riƙe iskar oksijin da ƙarfi, ba ya sakinta cikin sauƙi ta rura wuta. Wannan ne ya sa aka yarda a kwana kusa da shi. Kowace ƙwaya ɗaya, wato ƙaramin batirin da ake jerawa a cikin akwatinsa, tana ba da bolt 3.2, huɗu a jere su ba da bolt 12.8, abin da ya yi daidai da tsarin wutar mota. Abin da kan sosa mini rai a nan shi ne ana haƙar dutsen litiyom a ƙasarmu, har a yankin Libata na ƙaramar hukumar Ngaski, amma batirin da muke saye daga Sin yake zuwa.

Babbar ribar tana cikin abin da ba a rubuta a jikin batir ba. Idan mutum ya ga 100Ah, wato ma'aunin yawan wutar da batir ke ɗauka, a kan batirin dalma, ya ga 100Ah a kan na litiyom, zai ɗauka tulu biyu ne masu cin ruwa ɗaya. A zahiri ɗaya daga cikin tulunan ba a yarda a sha fiye da rabinsa ba. Ƙa'idar da masana suka daɗe a kanta ita ce kada a zuƙe batirin dalma ya wuce rabi, domin duk lokacin da aka kai shi ƙasa sosai kwanansa na raguwa. Na litiyom kuwa ana iya cin kashi 80 zuwa 90 cikin ɗari nasa kullum ba tare da ya ji jiki ba. Idan aka yi lissafi, batirin dalma mai 100Ah yana ɗauke da wutar da ta kai wat 1,200 na awa guda, amma 600 ne kawai halak ɗin mai shi. Na litiyom yana ɗauke da 1,280, kuma ko an tsaya a kashi 80, ana da fiye da 1,000.

Bari mu ɗora wannan a kan motar da za ta kwana a fadama. A ce ƙaramin firji ya ci wat 500 a yini da kwana, domin a zafinmu injinsa ba ya hutawa sosai. Fanka mai wat 20 ta yi awa 8, ta ci 160. Ƙwai biyu masu wat 5 su yi awa 5, su ci 50. Cajin wayoyi da kwamfuta ya ci 100. Jimla 810. Batirin dalma guda ba zai ɗauki wannan ba sai an zalunce shi, dole a sa biyu. Na litiyom guda zai ɗauka har ya bar saura.

Akwai kuma wani abu da wani Bajamushe mai suna Wilhelm Peukert ya bayyana tun 1897, wanda masu inbata suke gani da idonsu ba tare da sun san sunansa ba. Adadin da ake rubutawa a jikin batirin dalma ana auna shi ne da jan wuta a hankali, galibi cikin awa 20, wato amfiya 5 a kan batir mai 100Ah. Idan aka ja amfiya 50 lokaci guda, kamar yadda inbata ke yi in an jona mata abu mai cin wat 600, lissafi na cewa zai yi awa biyu, amma a aikace da kyar zai wuce awa ɗaya da ɗan wani abu, kuma tun kafin nan ƙarfin wutar ya faɗi inbata ta fara kuka. Batirin litiyom kusan bai damu da wannan ba. Ko an ja a hankali ko an ja da ƙarfi, abin da zai bayar kusan ɗaya ne, kuma ƙarfin wutarsa yana tsayawa a wajajen bolt 13 har ya kusa ƙarewa, don haka fanka ba ta sanyin gudu da tsakar dare.

Maganar nauyi gajeriya ce. Batirin dalma mai 100Ah yana kai kilo 25 zuwa 30, na litiyom kuwa kilo 10 zuwa 13. Tunda biyu na dalma ne ke yin aikin guda na litiyom, bambancin ya kusa buhun shinkafa mai kilo 50. Wanda ya san hanyoyin karkara da damina ya san abin da wannan ke nufi ga taya da sifirin da mai.

Inda na fi ganin amfaninsa ga mutanenmu shi ne wajen caji. Batirin dalma yana shan caji da sauri har zuwa wajen kashi 80, daga nan sai ya koma kurɓa kaɗan-kaɗan na sa'o'i kafin ya cika, kuma ba ya son a bar shi bai cika ba. Idan ya saba kwana da rabin ciki, wani farin gishiri yakan daskare a kan farantansa ya toshe su, kuma wannan ne ajalin yawancin baturan da ke mutuwa tun ba su shekara biyu ba. To matafiyi yaushe yake da sa'o'in da zai jira batir ya cika? Yau ya yi tafiyar awa biyu daga Birnin Kebbi, gobe ya yini a tsaye, jibi hazo ya rufe rana. Rayuwar mota gaba ɗayanta rayuwar rabin caji ce, kuma batirin litiyom bai damu da hakan ba, hasali ma ya fi son zama a tsakiya a kan zama cike dam. Yawancin masu 100Ah suna iya karɓar amfiya 50, su cika cikin awa biyu da ɗan kai. Bugu da ƙari, daga wutar da aka zuba masa yana mayar da wajen kashi 95 cikin ɗari, alhali na dalma yana mayar da 80 zuwa 85, saura ya tafi a zafi. Allah ya hore mana rana, yankinmu na samun abin da ya kai awa 5 zuwa 6 na cikakken haske a yini, saboda haka farantan sola masu wat 300 a kan rufin mota za su iya mayar da abin da misalinmu na sama ya ci, in dai ana goge musu ƙurar hunturu. Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, duk awar da ba a kunna janareta ba, ko ba a bar inji yana aiki a tsaye domin caji ba, kuɗi ne a aljihu.

Yanzu sai sharuɗɗan, kuma na farkonsu zafi ne. Rubuce-rubucen Turawa a kan wannan batir sun cika da gargaɗin sanyi, domin ba a cajinsa idan sanyi ya kai na daskarar ruwa. Wannan ba matsalarmu ba ce, ko a tsakiyar hunturu. Tamu ita ce watan Afrilu, lokacin da zafi a Birnin Kebbi da Gusau ke haura digiri 40 a inuwa, cikin motar da aka rufe aka bari a rana kuwa yana iya wuce 60. An san cewa batirin dalma yana rasa kusan rabin kwanansa a duk ƙarin digiri 8 zuwa 10 sama da 25, shi ya sa baturanmu ba sa kai shekarun da aka rubuta a takardarsu. Na litiyom ya fi juriya, amma shi ma zafi yana tsufar da shi, musamman idan yana cike dam kuma yana cikin zafi. Yawancin masu ƙera shi suna iyakance cajinsa a digiri 45. Ma'anar wannan ita ce wurin da aka ajiye batir yana da muhimmanci kamar irin batirin da aka saya. Ba a sa shi a gaban mota kusa da inji, ba a sa shi kusa da salansa, ba a kulle shi a akwatin ƙarfe da rana ke duka. Wurinsa ƙasan kujera ko ƙasan gado, inda iska ke ratsawa, kuma mota ta nemi gindin bishiya da rana tsaka. Idan za a ajiye motar wata da watanni, a bar batirin a wajen rabin caji a cire masa wayoyi. Tunda ba ya fitar da iskar haidirojin kamar yadda batirin ruwa, wato na dalma, ke yi lokacin caji, kuma ba ya buƙatar a ƙara masa ruwan batir, zamansa a cikin ɗaki ba ya cutarwa.

Sharaɗi na biyu ya shafi mai wayarin mota, kuma a nan ne ake yawan yin asara. A cikin kowane batirin litiyom na kirki akwai wani allon lantarki da ake kira BMS, wanda ke tsaron ƙwayoyin: yana yanke wuta idan caji ya yi yawa, ko batir ya zuƙe, ko zafi ya wuce kima, ko waya ta haɗu. Wannan mai gadi alheri ne, amma yana da hali. Idan aka jona batirin kai tsaye da altanetar mota, wato na'urar da ke cajin batir idan inji yana aiki, kamar yadda aka saba yi da na dalma, abu biyu na iya faruwa. Na farko, batirin litiyom mayunwaci ne, yana karɓar duk abin da altaneta za ta iya bayarwa ba tare da ya ce ya isa ba, kuma idan mota tana tsaye inji na tafiya a hankali, altaneta ba ta samun iskar da za ta huce, sai ta ƙone. Na biyu, idan BMS ya yanke wuta kwatsam alhali altaneta na tsakiyar aiki, ƙarfin wuta na iya tashi ya lalata kayan lantarkin motar. Maganin duka biyun wata caja ce da ake sawa tsakanin batirin inji da batirin ɗaki, wadda 'yan kasuwa ke kira DC-DC, tana iyakance abin da ake ja zuwa amfiya 20 ko 30 ko 40. Kuɗinta ƙari ne a kan kuɗin batir, kuma wanda bai shirya sayenta ba, gara ya tsaya ga sola kaɗai wajen caji. Haka nan tsohuwar caja ko inbatar da aka saita domin batirin ruwa, wadda kan tura wuta sama da bolt 15 lokaci-lokaci, ba ta dace ba, domin litiyom yana son 14.2 zuwa 14.6. A sa fiyus kusa da kan batir, a sa waya mai kauri. Sannan kada a cire batirin tayar da inji a maye gurbinsa da wannan, kowanne da aikinsa.

Wani ƙaramin abu da kan rikita sabon shiga shi ne mitar bolt ba ta faɗin gaskiyar cikin wannan batir. Tunda ƙarfin wutarsa kusan ɗaya ne daga cikarsa har kusa da ƙarewarsa, mutum zai ga 13 ya saki jiki, can sai komai ya ɗauke. Mitar da ke ƙirga abin da ya shiga da abin da ya fita ita ce ta dace, kuma wasu baturan suna nuna wannan a waya.

Kuɗi shi ne abin da ke tsayar da kowa, kuma ba na raina wannan. A rana ta saye batirin litiyom ya fi tsada, sau da yawa ninki biyu ko fiye. Amma abin da mutum ke saye ba akwati ba ne, wutar da akwatin zai bayar ce tsawon rayuwarsa. Batirin dalma na gama-gari da ake zuƙewa zuwa rabi yakan yi zagayen caji da zuƙewa sau ɗaruruwa, a ce 500, kodayake mai kyau irin tubula yana wuce haka sosai. Masu ƙera litiyom irin LFP suna ba da 3,000 ko fiye kafin ya ragu zuwa kashi 80 na ƙarfinsa. Wat 600 sau 500 ya ba da yunit 300 na wuta, tunda yunit guda wat 1,000 ne na awa guda. Wat 1,000 sau 3,000 ya ba da yunit 3,000. Ko an raba na biyun gida biyu saboda zafinmu da zuzutawar 'yan talla, har yanzu ya ninka na farkon sau biyar. Sai dai wannan lissafi yana aiki ne ga wanda ke amfani da batir kusan kullum. Wanda motarsa ke fita sau uku a shekara, lokacin sallah da bikin Argungu, ba zai cinye ko kashi ɗaya cikin goma na zagayen ba kafin shekaru su tsufar da batirin, kuma a gare shi batirin dalma mai kyau da ake kula da cajinsa ba kuskure ba ne.

Lissafin kuma yana rushewa gaba ɗaya idan batirin jabu ne, kuma kasuwa ba ta rasa su ba. Akwai waɗanda ake cusa wa tsofaffin ƙwayoyi a sabon akwati, akwai masu rubutun 200Ah alhali cikinsu bai kai haka ba, akwai kuma waɗanda ake harhaɗawa da ƙwayoyin tsofaffin kwamfutoci, waɗanda galibi ba LFP ba ne, ƙarfin cajinsu daban, haɗarin gobararsu ya fi yawa. Irin wannan na ƙarshe bai kamata ya kwana a mota ɗaya da mutum ba. Araha ba ta ado. Mai saye ya ɗora batirin a sikeli, idan mai 100Ah ya yi sakayau ƙwarai ƙasa da kilo 10 to akwai abin tambaya. Ya nemi takardar garanti mai sunan shago da kwanan wata. In da hali ya cika shi, ya jona masa abin da ya san cinsa, ya ƙirga awannin da zai yi, tun kuɗinsa bai yi nisa ba.

Saura maganar abin da ke faruwa bayan batir ya mutu, kuma mutanen wannan yanki ba sa buƙatar a yi musu dogon bayani a kan dalma. A 2010 gubar dalma ta kashe yara fiye da 400 a ƙauyukan ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum a Zamfara. Waccan gubar daga dutsen zinariya ta fito, ba daga batir ba, amma dalmar ɗaya ce, kuma a unguwar Thiaroye da ke gefen Dakar a Sanigal yara 18 sun mutu tsakanin 2007 da 2008 saboda fasa tsofaffin baturan mota da ake yi a cikin gidaje. Duk batirin dalma da 'yan gwangwan suka fasa a bayan gari, suka zubar da ruwansa a ƙasa, ƙurar tana komawa inda yara ke wasa. Batirin litiyom guda da zai maye gurbin na dalma biyar ko shida yana rage wannan sosai, kuma irin LFP ba shi da dalma a ƙwayoyinsa. Amma shi ma yana da tasa matsalar: mataccen batirin dalma yana da mai saye, shi ya sa ba a ganinsa a bola, mataccen LFP kuwa ba shi da wani kuɗin kirki a wurin ɗan gwangwan, kuma idan aka huda shi ko aka jefa shi a wutar shara yana iya kamawa ya fitar da hayaƙi mai guba. Baturan da ake saye yau za su fara mutuwa nan da shekara takwas ko goma, saboda haka tun a ranar ciniki ya kamata mai saye ya tambayi mai shago ko zai karɓi batirin idan ya ƙare aiki, a kuma rubuta amsar a bayan rasit.